Kwalba ta Huɗu

Awa biyar na yi a filin jirgin nan rungume da kula, kamar mai tallar ƙanƙara. Ba zan kama sunan garin ba, don har yau in na kama shi raina ɓaci yake. Turai ne dai, can arewa, cikin watan Oktoba na shekarar 2007.

Ma'aikacin kwastan ya nuna kular da biro ya ce mene ne a ciki. Na ce masa naman mutane ne. Sai ya ja da baya, ya kira wasu biyu. Suka juya takarduna gaba da baya, suka buga waya, suka zazzage jakata a kan tebur. Ƙarshe suka ƙwace daddawa da kilishin da Inna ta ƙulle mini, wai suna da haɗari ga lafiya, suka miƙo mini kulata suka ce in wuce.

Abin da ke cikin kular 'yan kwalabe ne guda tara, kowace ba ta wuce ɗan yatsa ba. A cikin kowace akwai gutsuren ƙari kamar ƙwayar wake, a jiƙe cikin wani ruwan gishiri da ke hana shi lalacewa. An yanko su ne daga jikin mutum tara da aka yi wa aikin ciwon daji a asibitin da nake aiki a Kano, a ɗakin gwaje-gwaje. Biyar ma'aikatan kamfanonin fata ne na Challawa, uku na Sharada, ɗaya kuma ya tsufa a sashen rini na wata masaƙa a Bompai. Kwalba ta huɗu ta yayana ce, Auwalu, wanda ya shekara goma sha huɗu yana jiƙa fatu cikin ruwan sinadari da takalmin roba mai huji.

Ba da sauƙi na same su ba. Shekara guda kafin nan wani Farfesa Bature ya zo Kano wani taro, ni aka haɗa shi da ni in zaga da shi. Na kai shi unguwarmu a bakin Challawa, na nuna masa kwatar da ke fitowa daga kamfanoni, yau shuɗiya gobe ja, tana bi ta gefen gonakin alayyafo. Ya toshe hanci da hankici, ya ce in har zan samo masa nama daga masu ciwon, zai ɗauke ni karatun digirin dakta a wurinsa. Mutanenmu kuwa suka ce ba su san wannan zancen ba. A wurinmu abin da aka yanke daga jikin ɗan Adam, ko yatsa ne, naɗe shi ake a binne.

Malam Sule, limamin unguwarmu, shi ya tara iyalan a zaurensa. Farfesa na zaune a kan tabarma cikin babbar rigar da muka ɗinka masa, ni ina tafinta.

Malam ya ce, "Nafi'u, tambaye shi. In ya gama dubawa, abin da ya rage zai dawo mana da shi mu binne?"

Na tambaye shi. Ya dafa ƙirji ya ce ba matsala ko kaɗan.

"Sake tambayarsa, jama'a su ji."

Na sake, ya sake. Malam ya ce a shafa fatiha, aka shafa. A ganinmu magana ta ƙare ke nan, tunda an yi ta gaban liman da shaidu. Takardun Turancin da ya bar mana kuwa, muka ɗauke su abin cika ƙa'ida. Duk wanda aka yi wa aiki ya dangwala yatsa, ni kuma na sa hannu a ƙasa a matsayin shaida.

Yaya Auwalu dariya ya yi ranar da ya dangwala nasa. Ya ce, "Tunda ni ban samu biza ba, a kai gutsuren ya gano mana gari." Inna ce ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Nafi'u, aro na ba ka. Ka dawo mini da shi."

Babu wanda ya zo tarata a filin jirgi. Ɗakin ɗalibai da aka yi mini alkawari ya zama wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, tagarsa daidai da ƙafafun masu wucewa. Wata shida na farko ban ga komai na garin nan ba sai takalma. Da na je wurin aiki kuma sakatariya ta ce ai ba a yi mini rajistar ɗalibi ba tukuna, sai an ga kamun ludayina. Kamun ludayin shi ne wanke kwalabe da haɗa ruwan gwaji wa yara waɗanda na girme su, waɗanda ba su taɓa ganin mai ciwon daji ido da ido ba. Kulata kuwa tun ranar farko aka karɓe ta, aka liƙa wa kwalaben sababbin lambobi, aka kulle su a firiza. Ko makullin ba a ba ni ba.

Mai riƙe da makullin wata dattijuwa ce, Irena, ita ma baƙuwa ce daga gabashin Turai, ta shekara ashirin tana kula da firizojin wurin. Ba ta da fara'a, magana ma sai dole. Amma ranar da ta gan ni na shigo ina kyarma cikin 'yar rigar sanyin da na saya a kasuwar Kwari, washegari ta ajiye mini wata ƙatuwar kwat a kan kujera, ta ce ta mijinta ce da ya rasu, in ban sa ba asu za su ci. Ita ce kuma ta kama ni ina salla a ƙarƙashin bene, ta ja ni zuwa sito, ta ture wasu kwalaye, ta ce nan ya fi tsafta. A duk ginin nan ita kaɗai ta koyi faɗin sunana daidai.

Kewar gida kuwa ba a magana. Ranar sallar layya ina tsaye ina goge tebur. Na sayi katin waya na kira gida, ina jin muryoyin 'yan'uwa da ƙarar wuƙa a kan katako, Yaya Auwalu yana tsokanata wai ko Turawa sun ba ni ƙafar alade. Muryarsa ta yi ƙasa sosai, amma na yi kamar ban lura ba. Da katin ya ƙare na shiga sito na yi kukana.

Sai a wata na bakwai aka bar ni na taɓa aikin da ya kawo ni. Bari in faɗe shi yadda na fahimce shi. A cikin kowace ƙwayar jikin mutum akwai kundin gado, shi ne DNA. In jiki na son ƙera wani abu, sai ya kwafi umarnin daga kundin, kwafin nan shi ake kira RNA, da shi ake ƙera furotin. To akwai wasu dogayen RNA da ake kwafowa amma ba a ƙera komai da su. Shekaru masu yawa masana suna ɗaukar su tarkace. A lokacin da na je ne aka fara gane cewa wasunsu ba a banza suke ba. Kamar mutumin nan ne na kamfani da bai taɓa taɓa fata ba, amma shi ke riƙe da makullan ɗakunan injin, ya buɗe wannan ya kulle wancan. A wasu masu ciwon daji sai a ga wani daga cikin dogayen nan ya yi yawa, ya kulle wuraren da ke taka wa ƙwayar birki, ƙari ya yi ta girma yana yaɗuwa. Farfesa yana bin sawun guda ɗaya ne, yana son ya nuna cewa wanda yake da shi da yawa ciwonsa ya fi saurin ci.

Ba zan ɓoye ba, aikin ya shiga raina. RNA abu ne mai saurin lalacewa, gumin yatsa kaɗai ya isa ya kashe aikin mako guda. Hannuna kuwa ya yi kyau. Cikin wata uku na fitar da abin da yaran nan suka kasa. A kwalabe takwas dogon RNA ɗin ya ɗan ɗaga. A ta huɗu kuwa ya yi tashin da sai da aka maimaita gwajin sau uku don a tabbata ba kuskure ba ne. Farfesa ya dafa kafaɗata a gaban kowa, a makon aka yi mini rajista. Ni kuma ban yi murna ba, don na san abin da yawan nan yake nufi.

Ranar wata Laraba da hantsi aka kira ni. Malam Sule ne da kansa.

"Nafi'u, sai haƙuri. Allah ya yi wa Auwalu rasuwa da asuba. Yanzu muka dawo daga kai shi."

Na ce, "Malam, me ya sa ba ku jira ni ba?" Wauta ce, na sani, amma abin da ya fito ke nan.

"Ba a jira da gawa, ɗana. Ka yi masa addu'a."

Bizata ta shiga sau ɗaya ce, in na fita ba dawowa. Na je ofishin Farfesa in gaya masa, ko zai rubuta mini takardar da za ta taimaka. Ya tashi tsaye, ya ce ya yi baƙin ciki ƙwarai. Sannan ya ce, "Shi ne lamba huɗu, ko?" Na ce shi ne. Ya jawo takarda. "Wace rana aka yi masa aikin? Kuma yau nawa ga wata?" Ina kallonsa yana ƙirga watannin da yatsa. Goma sha ɗaya. Wallahi na ga fuskarsa ta washe. Ya yi ƙoƙarin ɓoyewa, amma na gani. Mutuwar yayana ta zo masa daidai da abin da yake son ya nuna wa duniya.

Ban san yadda na fita daga ofishin nan ban rotsa masa kai da kujera ba. Takardar bizar kuwa bai taɓa rubutawa ba. Na yi zaman makoki ni kaɗai a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Irena ce ta aiko mini da miyar kabeji a cikin kwalba, babu nama, ta rubuta a jiki cewa halas ce.

Da na yi waya da Inna bayan sadakar bakwai, ba ta yi dogon zance ba. Ta ce, "An binne yayanka, amma da saura a wurinka."

Shekara ta biyu na yi ta ne da haƙora a cije. Aka rubuta sakamakon binciken, aka ba ni in duba. Na nemi Challawa ban gani ba, na nemi Kano ban gani ba. Abin da aka rubuta shi ne an samo wasu samfura daga Afirka ta Yamma. Babu zancen kamfanin fata, babu zancen kwata. Na ce wa Farfesa ai mutanen nan sun ba da namansu ne don a gano ko ruwan nan ne ke cin su. Ya ce wannan tambaya ce mai kyau, amma ba ita muke yi ba, kuma mutum tara ba su isa a ce komai ba. Sun isa su yi masa ado a takarda, ba su isa a tambayi abin da ya kashe su ba. Na haɗiye. Na ce a raina in dai zan koma da kwalabena, sauran na bar shi da Allah.

Wata rana cikin bazarar 2009 Irena ta kira ni sito, ta rufe ƙofa, ta nuna mini wata takarda. Jerin abubuwan da za a kwashe daga firiza ne a kai wurin ƙonawa ranar Juma'a, don an sayo sababbin samfura ana neman wuri. Lambobina na ciki, guda takwas.

Na ce, "Ina ta huɗu?"

Ta buɗe firiza ta ɗauko ta. Rubutun hannuna na nan a murfin, amma kwalbar wayam. Ta ce tun watanni biyar da suka wuce Farfesa ya sa aka raba abin da ya rage kashi uku, aka aika wa abokan aikinsa a ƙasashe uku. Kwalbar ma a shara ta tsince ta, ta ɓoye mini, ta rasa yadda za ta gaya mini.

Ban ƙwanƙwasa ƙofar Farfesa ba. Na ce masa, "Ka zauna a zauren limaminmu, cikin rigar da muka ɗinka maka, ka dafa ƙirji har sau biyu."

Ya ce ya tuna da zaman, kuma ya ji daɗin karamcin mutanen. Amma shi ya ɗauka gaisuwa ce ta al'ada.

"Gaisuwa? An shafa fatiha a kan maganar nan!"

Ya ce in kwantar da hankalina. Ya ce gutsuren nama ne da ba ya ji ba ya gani, kuma yayana zai yi alfahari da cewa ya taimaki kimiyya. Na ce kada ya sake kama yayana a bakinsa. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba, rabinsu da Hausa.

Na kai ƙara ofishin da ke sa ido kan binciken da ya shafi mutane. Wata mata mai ladabi ta ba ni shayi, ta jawo fayil, ta buɗe shafi na uku na takardar da mutanenmu suka dangwala wa yatsa. A nan aka rubuta cewa duk abin da ya rage mallakar jami'a ne, tana iya aika shi inda ta ga dama ko ta ƙona. Ta ɗora yatsa a ƙasan shafin ta ce, "Wannan ba sa hannunka ba ne?" Nawa ne. Ni da na yi boko, ni da aka amince wa don na iya Turanci, shafin farko kawai na karanta musu. Na ji haushin Farfesa, amma haushin da na ji na kaina a ɗakin nan ya fi.

Duk da haka ƙarar ta tsorata shi, don takardarsa na dab da fita kuma ba ya son hayaniya. Ya kira ni ya ce zai sa hannu a ba ni takwas ɗin, in ni kuma na janye ƙarar. Ya ƙara da cewa yana ganin zamanmu tare ya zo ƙarshe, za a sallame ni da ƙaramin digiri. Ta huɗu kuwa, ya ce ta fita daga hannunsa. Na rubuta wa wuraren uku. Biyu ba su amsa ba, ɗaya ya ce sun riga sun narkar da nasu.

Ranar da muke shirya kwalaben cikin kula, Irena ta ɗaga ta biyar ta duba a haske. Naman cikinta da ɗan yawa. Ta ce, "Ina iya yanko kaɗan daga nan in sa a ta huɗu. Babu mai ganewa. Mahaifiyarka za ta samu abin binnewa." Don Allah ta faɗa, na sani. Na kuma tsaya ina kallon wuƙar a hannunta fiye da yadda ya kamata. Ta biyar ta Malam Hadi ce, mutumin Sharada, mai 'ya'ya shida. Na ce mata a'a. Ta gyaɗa kai, ta naɗe kwalbar da babu komai a cikin auduga kamar sauran. Na so in mayar mata da kwat ɗin mijinta, ta ce in tafi da ita ko don in riƙa tuna ban yi mafarki ba.

Daga filin jirgin Kano na ɗauki tasi, muka bi ta Na'ibawa muka yanka Zawaciki. Warin kwata ne ya fara gaya mini na iso gida. Ban shiga gidanmu ba, zauren Malam Sule na fara sauka. Ya aika aka kira iyalan. Cikin mutum taran, uku ne suka rage da rai, su da kansu suka zo suka karɓi nasu. Sauran 'ya'yansu da ƙannensu suka karɓa, Malam ya ce bayan la'asar a je maƙabarta a tona gefen kowane kabari. Babu wanda ya tambaye ni digiri. Da ya rage kwalba ɗaya a kula, na gaya wa Malam gaskiya.

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ko za ku raka ni wurin Inna?"

Ya ce, "Lokacin da za ka karɓi aron ban raka ka wurinta ba. Je ka."

Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta rame. Muka gaisa, na yi mata ta'aziyyar da ban yi ido da ido ba. Ba ta bari na sha ruwa ba ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da wani ɗan farin ƙyalle kamar tafin hannu, a ninke. Ta ce ranar da ake yanka likkafanin yayana ta sa aka rage mata shi. Ta shimfiɗa shi a kan cinyarta, ta miƙo hannu.

Na sa mata kwalbar. Ta ɗaga ta, ta girgiza, ta buɗe murfin ta leƙa.

"Ina yake?"

Na gaya mata duka, har da shafi na uku da sa hannuna. Ban rage komai ba.

"Sun samo maganin ciwon?"

"A'a, Inna."

"Sun ce ruwan kamfani ne?"

"Ba su duba ba."

"To me suka samo?"

"Sun samo wani abu da ke nuna wanda zai riga mutuwa."

Ta ce, "Wannan ai ni ma na gani, ban yanke shi ba."

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta mayar da murfin ta ajiye kwalbar a gefe. Ta ninke ƙyallen yadda yake, ta kama hannuna ta sa mini shi a ciki.

"Ƙasa uku ka ce? To biyu ba su ce sun narkar ba. Riƙe wannan. In ka samo, ka naɗe shi."

Ta jawo farantin shinkafarta ta ci gaba da tsinta. Inna ta rasu shekara huɗu bayan nan, ba ta sake tayar mini da zancen ba ko sau ɗaya. Ni kuwa duk shekara sai na rubuta wa wuraren nan biyu. Ba su taɓa amsawa ba, ƙyallen kuma yana cikin aljihun jakar da nake zuwa aiki da ita.